Tallafin karatun kiwon lafiya ga 'ya'yan Zango: me unguwa za ta samu?

Ɗalibar Legon

Assalamu alaikum iyayena, malamaina, yayyena da ƙannena na wannan zaure. Ina karatun digiri na biyu a Makarantar Kiwon Lafiyar Al'umma ta Jami'ar Gana da ke Legon, wadda aka buɗe a 1994, kuma ina da wata shawara da nake so ku auna mini kafin in kai ta gaban kowa. Karatunmu ba ya cika sai ɗalibi ya bar aji ya fita fili, ya yi aiki tare da ma'aikatan lafiya na wata gunduma, sannan ya rubuta kundin bincike a kan wata matsala. 'Ya'yan Zango da suke kaiwa wannan mataki ba su da yawa, waɗanda suka kai kuma kuɗin makaranta da na bincike yakan sa su ɗauki batun da ya fi arha, ko wanda mai ba da kuɗi ya riga ya zaɓa.

Shawarata ita ce mu da muke cikin wannan zaure, tare da 'yan'uwanmu da ke Jamus da Amurka da Ingila, mu kafa ƙaramin asusu da zai riƙa biya wa ɗalibi ɗaya ko biyu wani ɓangare na kuɗin karatu duk shekara. Shi kuma wanda ya karɓa zai yi wata shida yana hidima a ɗaya daga cikin zangunanmu, ko Nima, ko Mamobi, ko Sabon Zango a Akkara, ko Aboabo da Asawase a Kumasi, a ƙarƙashin ma'aikatan lafiya na yankin, kuma a kan matsalar da mutanen unguwar suka nuna masa zai rubuta kundinsa. Me kuka gani?

Baba Alhaji, Sabon Zango

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya yi wa karatunki albarka. Niyyarki mai kyau ce, amma ki bari in gaya miki abin da ya sa zuciyata ba ta karɓa nan take ba. Bayan annobar amai da gudawa ta 2014, ɗalibai sun yi ta shigowa unguwarmu rukuni-rukuni, da takardun tambayoyi a hannu. Mun shimfiɗa musu tabarma a zaure, mun kira matan gida sun bar girki a kan wuta sun zo sun amsa: mutum nawa ne a gidan nan, ina kuke zagayawa, nawa kuke biya a bayan gidan haya, ruwan leda kuke sha ko na famfo. An tambaye mu abin da ko suruki ba ya tambaya, muka amsa saboda an ce don lafiyarmu ne. Daga ranar da suka naɗe takardunsu ba mu sake ganin ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma babu wanda ya dawo ya ce ga abin da aka gano. Su sun samu digiri, mu kuma kwatar ƙofar gidanmu tana nan yadda take.

Saboda haka tambayata guda ce. In muka fitar da kuɗi daga aljihunmu muka biya wa ɗa namu karatu, me zai hana shi yin abin da waɗancan suka yi, tunda shi ma jami'a ce za ta ba shi maki, ba mu ba?

Ma'aikaciyar jinya, Aboabo

Baba, abin da ka faɗa gaskiya ne, mu ma a Kumasi mun gan shi. Amma ina so in nuna cewa ƙasar nan tana da tsarin da aka gina daidai don kauce wa wannan, matsalar dai ba kowa ke bin sa ba. Tsarin CHPS da muke aiki a ƙarƙashinsa, wato tsarin kai aikin lafiya har cikin gari da gidajen mutane, ya samo asali ne daga gwajin da aka fara a Navrongo da ke arewacin Gana a 1994, inda aka ɗauke ma'aikatan jinya daga asibiti aka zaunar da su a cikin ƙauyuka suna bi gida-gida, aka ga mutuwar ƙananan yara ta ragu sosai. Gundumar Nkwanta ta gwada shi da abin da take da shi a hannu, ya yi aiki, sannan gwamnati ta mayar da shi tsarin ƙasa a 1999. Matakin farko a wannan tsari shi ne shiga gari ta ƙofa: a gaida sarki da dattawa, a yi taron jama'a, a kafa kwamitin lafiya na mutanen unguwa, a zaɓi masu aikin sa-kai daga cikinsu. Ɗalibin da ya bi wannan hanya yana da mutanen da za su tambaye shi ina ya kwana, wanda ya shigo ta taga kuwa ba shi da su.

Sai dai an tsara CHPS ne da ƙauye a zuciya, inda ma'aikaciya za ta iske mutane a gida. A Aboabo, uwar da nake nema don riga-kafin ɗanta ta fita kasuwar Kejetia tun kafin gari ya waye, ba za ta dawo ba sai bayan magariba, kuma wata uku nan gaba ta yiwu ta tashi daga ɗakin hayar ta koma Sawaba. A littafin awon yara da ke gabana akwai sunaye da yawa da suka karɓi allurar farko da ta biyu, sannan layinsu ya tsaya fari fat. Ni ba ni da lokacin da zan zauna in bi waɗannan layuka in gane ko tashi suka yi, ko lokacin awon ne bai dace da su ba, ko wata magana aka faɗa musu ta ɓata musu rai. Ɗalibin digiri na biyu yana da wannan lokaci, kuma an koya masa yadda ake yi. In ya gano cewa mayar da awo zuwa yamma, ko kai shi bakin kasuwa, zai dawo da yaran, to ya bar mini abin da zan ci gaba da amfani da shi bayan tafiyarsa.

Tsohon ɗalibin Tamale

Ina goyon bayan asusun, amma ina da ja a kan yadda ƙanwata ta haɗa hidima da bincike kamar abu ɗaya ne. Na yi digirina na farko a Jami'ar Nazarin Ci Gaba ta Tamale, wadda aka kafa a 1992, inda zangon karatu na uku a ƙauye ake yin sa: ana tura ɗalibai rukuni-rukuni su zauna da mutane, su ci abin da suke ci, su rubuta matsalolin garin tare da mutanen garin. Na amfana ƙwarai, kuma har gobe ina ganin ya kamata kowace jami'a ta yi koyi da wannan. Amma a can ne na fahimci cewa agogon ɗalibi daban, agogon gari daban. Ɗalibi yana da ranar miƙa kundi, yana da malamin da ke jiran babi na huɗu, yana jiran izinin kwamitin ɗa'ar bincike wanda kan ɗauki makonni. Unguwa kuwa abin da ya dame ta yau shi ne ruwan sama ya cika ɗakuna, ko an yi rasuwa, ko azumi ya kama. In lokaci ya ƙure, kundin ne zai ci, hidimar ce za a yanke, kuma ba don ɗalibin mugu ba ne.

Don haka nake ganin a raba su. A bar shi ya gama kundinsa, sannan wata shidan hidima su biyo baya, lokacin da babu maki a gabansa. A sannan ne za a san wanda ya zo don Allah.

Ɗalibar Legon

Yaya, na ji hujjarka, amma in aka raba su haka, kundin zai koma abin da Baba yake kuka da shi, wato binciken da unguwa ba ta da hannu a cikinsa. Kuma wanda ya gama digiri na biyu yawanci ma'aikaci ne da aka ba hutun karatu, ranar da ya gama ofishinsa na jiran sa. Wanda ba ma'aikaci ba kuma ya riga ya yi wa ƙasa hidimar shekara guda bayan digirin farko, yana da iyaye da ke jiran albashinsa, da wuya ya sake ba da wata shida.

Hajiya Magajiya, Nima

Salamu alaikum. Ni ban yi karatun boko mai zurfi ba, jikata ce ke rubuta mini, amma na daɗe ina jagorantar mata a unguwar nan, kuma akwai abu biyu da maza ba su taɓo ba.

Na farko, kuna ta cewa ɗan Zango ya yi aiki a Zango kamar wannan alheri ne zalla. 'Yata, ki yi tunani. Matar da ke shan maganin tarin fuka a ɓoye, ko yarinyar da ta yi ciki ba aure, ko wadda ke tsarin iyali mijinta bai sani ba, kina ganin za ta buɗe baki ga yaron da ta san uwarsa, wanda za ta haɗu da shi a wurin suna ranar Lahadi? Akwai matan da ke wuce asibitin da ke kusa da su, su biya kuɗin mota zuwa wani mai nisa, don kawai kada a gan su. Jin Hausa yana da amfani, domin tsohuwa ba za ta iya bayyana ciwonta da Turanci ko Tuwi yadda za ta yi da harshenta ba. Amma kusanci ya yi yawa shi ma yana rufe baki. Kuma kada ku manta ba Hausawa kaɗai ne a Zango ba, akwai Dagomba da Zabarmawa da Kotokoli da Mosi da Fulani, ga 'yan matan da ke dako a kasuwa waɗanda da yawansu Hausar ma ba ta zauna musu ba.

Na biyu, matan da ke aikin sa-kai a unguwar nan su ne ke shiga gidaje, su ne suka san wace ce ta haihu jiya, su ne za su kama hannun ɗalibin nan su kai shi ƙofa-ƙofa su yi masa tafinta. Sun bar tallar kokonsu da ƙosansu na rabin yini. In shi an biya masa makaranta, su kuma an ce musu Allah ya saka, ban ga adalci a nan ba. Duk asusun da ba a ware musu kaso a cikinsa ba, ni ba zan kira mata su ba shi goyon baya ba.

Ɗalibar Legon

Mma Hajiya, na gode, maganarki ta gyara shawarar. Game da sirri, babu binciken da ake yarda a fara sai kwamitin ɗa'a ya duba shi, ko na jami'a ko na Hukumar Lafiya ta Gana, kuma dole a karanta wa mutum takardar amincewa da harshen da yake ji, a gaya masa yana da ikon ƙi ba tare da an hana shi magani ba. Akwai kuma dokar kare bayanan mutane ta 2012. Amma na san takarda ba ta cire kunya. Abin da za a iya yi shi ne musaya: ɗan Nima a tura shi unguwar Madina ta Akkara ko Ashaiman, 'yar Asawase a tura ta Moshi Zango ko ma Akkara, ta yadda harshe da al'ada ɗaya ne amma ba a san gidan juna ba. Maganar masu sa-kai kuwa na karɓe ta gaba ɗaya, a rubuta kasonsu tun a takardar farko.

Matashin Mamobi

Iyaye ku yi haƙuri, ni ina ganin an bar jaki ana dukan taiki. Wane bincike ake bukata kafin a san cewa babbar kwatar da ta ratsa Nima da Mamobi ita ce ciwonmu? Kowa ya san gidaje da yawa ba su da bayan gida, kowa ya san layin da ake yi da asuba a na haya. Kuɗin da za a biya wa mutum ɗaya digiri zai gina bayan gida a wasu gidaje, ko ya sabunta wa tsofaffi da yawa katin inshorar lafiya. Kuma akwai Asusun Raya Zanguna da aka kafa da doka a 2017, me zai hana a nemi tallafin karatun a can, mu kuma mu sa namu kuɗin inda za a gani da ido?

Jami'in sa ido kan cututtuka, Akkara

Ƙanena, tambayarka tana da nauyi, kuma ba na so a wuce ta da sauri. Gaskiya ne kowa ya san kwata matsala ce. Amma sanin da ake yi a majalisar shayi daban yake da sanin da ke motsa kasafin kuɗin majalisar gunduma. A 2014 mutum fiye da 28,000 suka kamu da kwalara a ƙasar nan, fiye da 200 suka rasu, kuma mafi yawansu a yankin Akkara ne. A irin wannan lokaci abin da ke ceton rai shi ne jerin sunayen masu cutar da aka rubuta daidai: ranar da ciwon ya fara, layin da mutum yake zaune, inda ya sayi abinci, inda ya ɗebi ruwa. Idan aka ɗora wannan a kan taswira, sai a ga cewa ba unguwar gaba ɗaya ba ce, wasu 'yan layuka ne da ke shan ruwa daga bututun da ya fashe a cikin kwata, wanda ke tsotsar ƙazanta duk lokacin da aka ɗauke ruwa ƙarfinsa ya faɗi. Wannan aiki shi ake koya wa ɗaliban shirin horar da masu bin diddigin cututtuka a fili, wanda aka fara a Legon a 2007, kuma mafi yawan lokacinsu a fili suke yin sa, ba a aji ba.

Matsalar zangunanmu ita ce alƙalumanmu suna narkewa a cikin na gunduma. Idan aka ba da rahoton gunduma guda, an haɗa layin da gida ɗaya ke ɗauke da iyalai goma da unguwar da kowane gida ke da famfo da bayan gida biyu, sai matsakaicin ya fito da kyau, mu kuma mu ɓace a ciki. Wakilin unguwa da ya tashi a zauren majalisa ya ce mutanena na wahala, za a ce masa kowa ma na wahala. Wanda ya tashi da takarda mai nuna gidaje nawa ne a layi kaza ba su da bayan gida, da yara nawa aka kai asibiti da gudawa daga wannan layi a damina, ba a iya sallamar sa da baki. Bayan gidan da za mu gina da kuɗinmu zai amfani gidajen da aka gina wa, ban raina shi ba. Amma mutum ɗaya namu da ya iya wannan lissafi, wanda wata rana zai zauna a teburin da ake raba kuɗin lafiya, yana iya jawo abin da karo-karonmu ba zai taɓa kaiwa ba. Neman tallafi daga asusun gwamnati kuma ba laifi, a nema, sai dai wanda ya biya shi ke gindaya sharaɗi, kuma sharaɗin da Baba da Hajiya suke nema ba zai shiga takarda ba sai da kuɗinmu a ciki.

Malam Liman, Fadama

Ina tare da masu cewa a yi, kuma ina roƙon kada a taƙaita tunani a kan yara da mata masu ciki kawai. Jana'izar da muke yi a 'yan shekarun nan, da yawa na magidanta ne da aka ce sun yanke jiki sun faɗi, ko ɓarin jiki ya shanye, kuma idan aka bincika sai a ji hawan jini ne ko ciwon suga da ba a san da shi ba, ko an sani an daina shan magani saboda katin inshora ya mutu. Namiji ba ya zuwa awo, amma yana zuwa Juma'a. Ɗalibin da zai zauna da mu ya tsara yadda za a riƙa gwada jini a harabar masallaci bayan an idar, a san inda za a tura wanda aka samu nasa ya hau, a koya wa tsofaffi sabunta kati ta waya da lambar *929#, sannan kafin azumi a haɗa malamai da likita su yi wa masu ciwon suga bayani da murya ɗaya, wannan ya yi mana hidimar da za mu gani. Lokacin korona, da aka dakatar da sallar jam'i a tsakiyar Maris na 2020 aka kuma rufe Akkara da Kumasi a ƙarshen watan, mun ga cewa saƙon da ya bi ta bakin limamai ya fi saurin shiga gidaje.

Sharaɗina shi ne gwaji ba tare da magani ba zalunci ne. Kada a gaya wa mutum jininsa ya hau a bar shi da fargaba, ba a nuna masa ƙofar da zai bi ba.

Tsohon ɗalibin Tamale

Malam ya kawo misalin da ke ƙarfafa abin da nake tsoro. Gwajin jini a masallaci abu ne mai sauƙin farawa, mai daɗin ɗauka a hoto, kuma yakan mutu a makon da ɗalibin ya tafi da na'urarsa. In za a yi, to na'urar ta zama ta kwamitin masallaci, a horar da matasa biyu ko uku, kuma ɗalibin shekara mai zuwa ya gaji aikin na bana maimakon ya ƙirƙiro sabo don kundinsa ya zama na daban. Jami'a tana son sabon batu, unguwa tana son a ƙarasa tsohon.

Ma'aikaciyar jinya, Aboabo

Akwai kuma abin da ba a ambata ba, wato wanda zai kula da ɗalibin. Malaminsa yana Legon ko jami'ar KNUST ta Kumasi, ba zai zo Aboabo kullum ba, nauyin zai faɗo a kan irina, ni da nake da awo da riga-kafi da rahoton wata a kaina. Ba na ƙi, amma a nemi izinin daraktan lafiya na gunduma a rubuce tun farko, a kuma fayyace abin da ɗalibin zai taɓa da wanda ba zai taɓa ba. Da yawa daga masu karatun kiwon lafiyar al'umma ba likitoci ba ne ba kuma ma'aikatan jinya ba, wani ilimin zamantakewa ya karanta, wani lissafi. Mutanenmu kuwa da sun ga mutum da na'urar gwada jini sai su kira shi dokta su miƙo masa takardar magani. Dole ya iya cewa wannan ba aikina ba ne, ya rako su wurinmu.

Baba Alhaji, Sabon Zango

Na karanta duka, kuma na sassauto, amma da sharuɗɗa, 'yata ki rubuta. Kada a ba ɗalibi kuɗin gaba ɗaya, a riƙe kaso na ƙarshe sai ranar da ya tsaya a ƙofar Sarkin Zango, gaban maza da mata, ya faɗi abin da ya gano da Hausa, ya amsa tambayoyi, ya bar kwafi a hannun kwamiti da wani a ofishin lafiya. A kwamitin zaɓen ɗalibi a sa mace daga masu sa-kai da ma'aikaciyar lafiya, kada ya zama na alhazai zalla, kuma ɗan duk wanda ke cikin kwamiti ba zai nema ba. In an yarda da wannan, zan sa nawa, zan kuma yi wa 'ya'yana da ke waje magana.

Matashin Mamobi

Baba, ni har yanzu ina ganin a raba asusun biyu, rabi karatu rabi aikin da ɗalibin ya gano ana bukata. In ba haka ba zai tsaya a ƙofar sarki ya faɗi matsala da Hausa mai daɗi, a watse, ba ko sidi ɗaya na gyara.

Ɗalibar Legon

Na rubuta sharuɗɗan Baba, da kason masu sa-kai, da musayar unguwanni, da izinin daraktan gunduma, da gadon aiki daga ɗalibi zuwa ɗalibi. Abu biyu ba a daidaita ba: ko hidimar ta zo tare da kundi ko bayansa, da kuma raba asusun da ƙanena na Mamobi ya kawo, wanda ni kaina nake ganin in aka yi shi a shekarar farko kuɗin ba zai ishi ɗalibi ko ɗaya ba. Zan sa daftarin a nan ranar Asabar in Allah ya yarda. Anti ta Aboabo, ina roƙon ki duba sashen abin da ɗalibi zai taɓa da wanda ba zai taɓa ba kafin in saka shi, Mma Hajiya kuma ki tambayi matan nawa suke ganin ya dace a ba mai rakiya a yini.